Allurar Korona: Wane Lissafi Ne Zai Bar Makarantunmu A Buɗe?

Tun da aka dawo daga hutun ƙarshen shekara, magana guda ce ke yawo a ɗakunan malamai da zaurukan WhatsApp na wannan reshe, kuma ta zo sanye da rigar hujja. Ana cewa: ga Birtaniya nan ta yi wa mutanenta allurar korona sau biyu, wasu har sau uku, amma a farkon watan Janairun 2022 sai da aka sami mutum sama da 200,000 sun kamu a rana ɗaya, mu kuwa da waɗanda suka kammala allurar a lokacin ba su kai kashi 3 cikin 100 ba, ga mu nan muna cin kasuwa, muna sallar Juma'a kafaɗa da kafaɗa. To ina amfanin allurar? Masu wannan magana ba jahilai ba ne. Abokan aikinmu ne, wasunsu ma lissafi suke koyarwa, kuma alƙaluman da suka kawo gaskiya ne. Ginin da suka ɗora a kansu ne ya karkace, kuma idan muka zura ido ya tsaya, a kan ɗalibanmu zai rushe.

Babu wanda ya san ɗacin kulle kamar mu. A ƙarshen Maris na 2020 aka garƙame makarantun ƙasar nan baki ɗaya. Sai ranar 4 ga Agusta 'yan ajin ƙarshe suka koma, aka tura su jarrabawar WAEC bayan mako biyu kacal, sauran azuzuwa kuwa sai wajen Oktoba. An ce a yi karatu ta rediyo da talabijin, kuma an yi bakin ƙoƙari, amma kowa a cikinmu ya ga abin da ya dawo mana: yaron aji uku da ya manta haɗa baƙi da wasali, yarinyar da aka kira sunanta a rajista aka ce an yi mata aure, samarin da suka ɗanɗana kuɗin kasuwa suka ce su da aji sai dai gani daga nesa. Daga baya kuma Ƙanƙara da Kagara da Jangebe da Tegina suka zo, aka sake rufe makarantu masu yawa saboda wata masifar dabam. Yankin da dama shi ke da kaso mafi tsoka na yara sama da miliyan 10 da ba sa zuwa makaranta ba shi da sauran zangon karatu da zai iya bayarwa sadaka. Wannan shi ne dalilin da ya sa maganar allura ta zama maganar ƙungiyar malamai.

Bari mu koma Birtaniyar da ake kafa hujja da ita, amma mu karanta shafin har ƙarshensa. A ranar 8 ga Disamba 2020 aka fara allurar a can, kan wata tsohuwa mai shekara 90. Bayan wata guda, lokacin da allurar ba ta kai ko'ina ba, masu kamuwa a rana sun haura 60,000, kuma a ranar 20 ga Janairun 2021 kaɗai an ba da rahoton mutuwar mutum 1,820. Asibitoci sun cika maƙil, makarantun Ingila suna rufe har zuwa 8 ga Maris. Da aka kai tsakiyar Yuli, nau'in Delta ya sake tayar da cutar, masu kamuwa a rana suka sake haura 50,000. Mace-macen da suka biyo baya a makonnin gaba kuwa wajen 100 ne a rana. Adadin masu kamuwa kusan ɗaya, nau'in cutar ma ya fi na baya tsanani, amma gawarwaki sun ragu fiye da ninki goma. Abin da ya shiga tsakanin Janairu da Yuli shi ne an yi wa mafi yawan manya allura, an kuma fara da tsofaffi. A kan haka ne gwamnatinsu ta janye kusan dukkan dokokin kulle a Ingila ranar 19 ga Yuli. A Janairun 2022 kuma, da masu kamuwa suka ninka na Janairun 2021 sau uku, yaransu suna cikin aji. Gaskiya ne nau'in Omikron bai kai Delta kisa ba, kuma mutane da yawa sun riga sun kamu sun warke, to amma wanda ya kawo mana adadin 200,000 ya kuma ɓoye mana cewa makarantunsu a buɗe suke, rabin labari ya ba mu.

Akwai inda masu shakka suke da gaskiya, kuma ba za mu tauye su ba. A farkon lamari an yi wa allurar kirarin da ya fi ƙarfinta. An sa mutane sun ɗauka za ta zama kamar ta agana, wadda ta kawar da cutar daga doron ƙasa har aka tabbatar da haka a 1980, ko kamar ta ƙyanda, wadda in an yi wa yaro shi ke nan. Isra'ila ta nuna cewa ba haka abin yake ba. Ta fara allura a Disamban 2020, ta yi sauri fiye da kusan kowa, masu kamuwa suka faɗi daga dubbai a rana cikin Janairu zuwa 'yan gomomi a farkon Yuni, har aka ce a cire takunkumin fuska. Ba a yi kwana goma sha ɗaya ba aka mayar da shi, kuma kafin farkon Satumba masu kamuwa a rana sun haura 10,000, sai da aka koma ana yi wa mutane allura ta uku. Dalilin haka likitoci sun bayyana shi, kuma duk malamin kimiyya a cikinmu zai iya zana shi a allo. Allura tana sa jiki ya samar da dakarun da ke tsare ƙofa, masu hana ƙwayar cuta shiga tun farko. Waɗannan suna raguwa bayan 'yan watanni, kuma idan ƙwayar ta sauya kamanni, kamar yadda Omikron ya yi, sai ta wuce su. Amma akwai wasu ƙwayoyin garkuwa da ke riƙe kamannin maƙiyi na dogon lokaci, waɗanda ke tasowa bayan cutar ta shiga, su tare ta kafin ta cinye huhu. Shi ya sa wanda aka yi wa allura yana iya kamuwa, ya yi mura da zazzaɓi na 'yan kwanaki, ya tashi ya koma aiki, alhali da ba a yi masa ba, da watakila yana kwance ana neman masa iskar shaƙa.

Wannan bayani yana ɗauke da wani labari marar daɗi ga masu cewa su za su jira kowa ya yi, su fake a bayan jama'a. A cutar ƙyanda ana iya yin haka: idan kusan kashi 95 cikin 100 suna da garkuwa, cutar ba ta samun hanyar isa ga sauran. Allurar korona tana rage yaɗuwa, amma ba ta toshe ta ƙaf, don haka allurar maƙwabcinka ba za ta tsare ka ba.

Akwai kuma wata hujjar da ake yawan turo mana, cewa a wasu ƙasashe mafi yawan waɗanda ke kwance a asibiti waɗanda aka yi wa allura ne. Wannan lissafin aji biyu ne na ƙaramar sakandare, kuma abin kunya ne ya kayar da malami. Mu ƙaddara gari mai mutum 1,000, an yi wa 900 allura, 100 sun ƙi. Mu ƙaddara kuma, domin misali kawai, cewa cikin kowane 100 marasa allura mutum 10 ke kwanciya asibiti, cikin masu allura kuwa mutum 2. Marasa allura sun ba da 10, masu allura sun ba da 18. Wanda ya leƙa asibitin zai fito yana rantsuwa cewa masu allura sun fi yawa, kuma bai yi ƙarya ba. Sai dai gadaje 28 ne a cike, alhali da ba a yi wa kowa ba da 100 ne. Muna roƙon malaman lissafi su ba ɗalibansu wannan a matsayin aikin gida, su kuma fara gwada shi a kan abokan aikinsu.

Sai mu dawo gida, kan ɗaya ɓangaren maganar, wato cewa mu ba mu yi allura ba kuma lafiyarmu ƙalau. Da me muka auna? Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, gwajin da aka yi tun daga ranar 27 ga Fabrairun 2020, da aka fara samun cutar a Legas, har zuwa ƙarshen 2021 bai kai miliyan 5 ba, kuma kaso mai yawa daga ciki na matafiya ne a Legas da Abuja. Waɗanda aka tabbatar sun kamu zuwa ƙarshen 2021 ba su kai 250,000 ba. Malamin da bai kira rajista ba ba zai iya cewa babu wanda ya yi fashi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta ƙiyasta a Oktoban 2021 cewa cikin kowane mutum 7 da suka kamu a Afirka, 6 ba a taɓa gano su ba. Mu a nan Arewa ma ba ma buƙatar wani ya ƙiyasta mana. A Afrilun 2020, a Kano, masu haƙar kabari ne suka fara ba da labari kafin jami'an lafiya. Dattawa da manyan malamai suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya, Allah ya jiƙansu, ana ta musu a kan musabbabi. Da aka yi bincike, Ministan Lafiya na lokacin Osagie Ehanire ya faɗa a watan Yuni cewa an ƙirga mace-mace 979, kuma tsakanin kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na iya kasancewa suna da nasaba da korona. Yawancinsu a gida suka rasu, ba a gwada su ba, ba su kuma taɓa shiga jadawalin da ake karanta mana kowane dare a lokacin ba.

Ba mu ce cutar ta yi mana irin ɓarnar da ta yi wa Italiya ko Indiya ba. Allah ya sauƙaƙa mana, kuma daga cikin dalilan da masana ke kawowa akwai ƙuruciyar jama'armu, domin kusan rabinmu ba su wuce shekara 18 ba. Amma wannan ƙuruciya ta ɗalibai ce, ba ta malamai ba. Ku dubi ɗakin malamai na kowace makaranta, ku ƙirga masu hawan jini da masu ciwon suga, ku ƙirga shugabannin makarantu da suka haura hamsin. Mu ne muka yi murna da shugaban ƙasa ya yi alƙawari, a ranar malamai ta duniya ta 2020, cewa za a ƙara shekarun ritaya zuwa 65, kuma mu ne muka matsa lamba a cika shi. Ashe kuwa muna neman a bar mu cikin aji mai yara 100 ko fiye, a daidai shekarun da wannan cuta ta fi kisa. Wanda yake son cin moriyar waɗannan shekaru biyar ya kamata ya fara tunanin yadda zai kai su. Kuma yaron da ya ɗauki cutar a aji ya warke ba tare da ya sani ba, da yamma gidan da kakarsa take zai koma.

Wani zai ce kwalara ta kashe mutum sama da 3,000 a ƙasar nan cikin 2021 kaɗai, mafi yawa a jihohinmu, wato kwatankwacin duk wanda aka rubuta korona ta kashe cikin shekara biyu, amma ba a ji ana ta hayaniya ba. Wannan ƙorafi ne na gaskiya, kuma mun daɗe muna yin sa: makarantun da babu famfo babu makewayi su ne aka umarta su riƙa wanke hannu na daƙiƙa ashirin. Sai dai sakacin hukuma a kan kwalara ba dalili ba ne na mu yi sakaci a kan korona. Kwalara ba ta taɓa rufe makarantun ƙasa baki ɗaya ba, ba ta kuma hana mu aikin Hajji shekara biyu a jere ba, kamar yadda ya faru a 2020 da 2021.

Tsoron allura a yankinmu yana da asali, kuma duk wanda ya raina shi bai san tarihi ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kusan 200 a Kano. Yara 11 suka mutu cikin waɗanda aka saka a gwajin, wasu suka nakasa, kuma sai a 2009 aka daidaita da gwamnatin jihar kan diyyar dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma dole ya tsorata. Amma mu tuna abin da wannan tsoro ya haifa a karo na gaba. A 2003 aka dakatar da allurar shan inna a wasu jihohi bisa zargin tana hana haihuwa, Kano ba ta dawo ba sai tsakiyar 2004, kuma cutar ta tsallaka daga nan zuwa ƙasashe masu yawa, har Yaman da Indonesiya. Yaran da suka shanye a waɗannan shekaru wasunsu mun koyar da su. Mun ga yadda suke hawa matakalar aji. Yaran da aka ɗiga wa maganin kuma sun girma, sun yi aure, ga 'ya'yansu nan sun cika mana azuzuwan farko har babu wurin zama. A ranar 25 ga Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna, kuma da allurar da aka zarga ne aka yi nasarar.

Trovan magani ne da aka gwada kan yara 'yan ɗaruruwa, a ɓoye daga idon duniya. Allurar korona kuwa an yi ta sama da sau biliyan 9 a duniya, kuma waɗanda suka ƙera ta su suka fara yi wa iyayensu, har suka tattare ta suka hana mu. Tana da illa, ba ma musu: ciwon hannu, zazzaɓin kwana ɗaya ko biyu, kuma a ta AstraZeneca an sami daskarewar jini a mutane ƙalilan ƙwarai cikin miliyoyi. Waɗannan an gano su ne domin ana bin diddigi, aka kuma shelanta su. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da sunan Pfizer ba, a farkon 2022 akwai ta Moderna da ta Johnson & Johnson. Amma malamin da ya tura wa iyayen yara bidiyon cokali yana mannewa a dantse, ko saƙon cewa duk wanda aka yi wa zai mutu cikin shekara biyu, ya yi amfani da amanar da gari ya ba alli wajen yaɗa abin da shi kansa bai bincika ba. A ƙauyuka da yawa malamin firamare ne ake kai wa takarda ya karanta, shi ake tambaya ko labari gaskiya ne. Kalmarsa ɗaya tana iya mayar da tawagar masu allura gida da kayansu.

Kada hukuma ta ɗauka cewa da wannan mun wanke ta. Tun Disamban 2020 UNESCO da UNICEF da gamayyar ƙungiyoyin malamai ta duniya suka yi kira a saka malamai cikin sahun farko. Allurar ta iso Najeriya ranar 2 ga Maris 2021, kusan miliyan 4, ta shirin COVAX. An yi wa ma'aikatan lafiya, abin da ya dace, an yi wa shugaban ƙasa da mataimakinsa a gaban kyamara, sannan kayan suka ƙare, aka zauna jira bayan Indiya ta dakatar da fitar da tata. Daga baya ƙasashen da suka tara fiye da buƙatarsu suka turo mana ragowa, wadda saura 'yan makonni ta lalace. A ranar 22 ga Disamba 2021 aka kai allurai sama da miliyan 1 juji a Abuja, aka bi ta kansu da katafila. Shugaban hukumar kiwon lafiya a matakin farko na lokacin, Dakta Faisal Shu'aib, ya ce ba za a ƙara karɓar masu gajeren wa'adi ba, kuma mun yaba da hakan. Amma muna tambaya: a makonnin da waɗannan allurai suke cikin firiji suna jiran ajali, makarantu nawa aka kai wa? Babu inda ake samun ma'aikatan gwamnati a tare, da sunayensu a rubuce, a lokaci sananne, har cikin ƙauyen da mota ba ta shiga, kamar makaranta.

Maimakon haka sai aka fara da barazana. Gwamnatin tarayya ta ce daga 1 ga Disamba 2021 ma'aikacinta ba zai shiga ofis ba sai da katin allura ko shaidar gwaji, wasu jihohi ma suka kafa irin wannan doka. Abin da aka samu shi ne kasuwar katin bogi, kuma katin bogi ya fi rashin allura haɗari, domin yana sa hukuma ta ɗauka an sami kariyar da babu ita. Malamar da ke koyarwa a ƙauye, wadda za ta biya kuɗin babur zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma, ta tarar an ce sai mutum goma sun taru kafin a buɗe kwalba, ta dawo ta tarar an rubuta mata fashi, ba taurin kai ne ya hana ta ba. Matsayin wannan reshe shi ne duk wanda ya taɓa albashin malami da sunan allura zai same mu a gabansa. A kawo masu allurar harabar makaranta, a sanar da rana tun da wuri, a zo da ma'aikaciyar lafiya mace domin malamai mata, a bar ƙofa a buɗe ga iyaye da kakannin yara, a kuma ba wanda zazzaɓi ya kama hutun kwana ɗaya ba tare da ja-in-ja ba.

Muna kuma neman ma'aikatar ilimi ta faɗa mana a rubuce, tun yanzu da babu tashin hankali, da wane ma'auni za ta sake rufe makaranta. Idan yawan masu kamuwa ne, to mun shiga uku, domin Omikron ya nuna cewa wannan adadi zai riƙa hawa yana sauka ko an yi allura ko ba a yi ba, kuma a ƙasar da ba a gwaji adadin ma ba shi da ma'ana. A duba yawan waɗanda aka kwantar, da yawan waɗanda ke buƙatar iskar shaƙa, da yawan mamata, a kuma rarrabe mana su nawa ne aka yi wa allura. Uganda ta riƙe yaranta a gida kusan shekara biyu, sai ranar 10 ga Janairun 2022 suka koma, bayan da gwamnatinta ta ɗaure batun buɗewa da yi wa malamai da masu rauni allura. Ba ma fatan mu ga rabin wannan.

Wakilan ƙungiya na kowace makaranta za su zagaya cikin makon nan da takarda. Ba suna ake nema ba, adadi ne: nawa aka yi wa ta farko, nawa suka koma ta biyu, nawa ba su fara ba, da kuma nisan makarantar daga cibiyar allura mafi kusa. Mun fi damuwa da waɗanda suka yi ta farko tun 2021 suka yi shiru, domin allura ɗaya ta AstraZeneca ko Moderna ba ta isa ba, balle a gaban Omikron. Waɗanda suka kammala tun wata shida da suka wuce, an buɗe ta ƙarfafawa a Disamban 2021. Da waɗannan alƙaluma za mu je gaban sakataren ilimi da jami'in lafiya na ƙaramar hukuma, mu nemi a tsayar mana da ranaku kafin hutun tsakiyar zango.